Layin Balaraba

Litinin, 9 ga Shawwal, bayan asuba

Ni dai tun da nake ba a taɓa jira na ba. Na faɗa, na sake faɗa, yau kuma na rubuta. Ranar da matata Balaraba ta rasu a gidansu can Dandin Mahe, ina bisa motar albasa ina dawowa daga kasuwa, ƙaninta Maniru ya sa aka yi mata sutura aka rufe ta. Na iso na tarar ana wanke hannu. Tun daga ranar ban sake taka ƙauyen ba, ban kuma sake ce wa Maniru ina kwana ba.

To yau ga wani sabo. Na kunna kwamfutar da ɗana Kamilu ya bar mini, na buɗe gidan waya, wato wurin da saƙonsa ke shigowa, sai ga wani ɗan akwati ya fito da Turanci da jar alama. Na buga kalmar sirrin da na saba. Ya ƙi. Na sake. Ya ƙi. Kalmar nan ko daga barci aka tashe ni zan buga ta da yatsa ɗaya.

Ni ban taɓa zama aji ba. Kamilu ya koya mini baƙaƙen boko da tsinke a ƙasan zaure, kafin ya tafi neman aiki ƙasar waje. Shi ya shirya mini gidan wayar, ya ƙara girman rubutu saboda idona, ya ɗiga jan fenti a inda zan danna. Inda yake yanzu ba a barin mutum ya riƙe waya. An yarda ya rubuta wa adireshi ɗaya tak. Bai ba da na 'yar'uwarsa Ruƙayyatu mai ilimi ba. Nawa ya bayar.

Ya ce bayan Sallah alƙalin can zai yanke magana, zai rubuto mini. Yau tara ga wata.

Talata, 10 ga Shawwal, bayan la'asar

Na kira Sharhabilu mai gyaran kwamfuta na bakin tasha. Ya zo da tumbinsa, ya zauna a kujerata ba a ba shi ba.

"Baba Atta, wagga manhaja taka hwa ta girmi auren Ruƙayyatu."

"Ni ma na girme shi, kuma ina aiki. Mi as same ta?"

Ya ce lafiyarta lau, kamfanin da ke riƙe da saƙonnin ne ya canza doka. Da can kalmar sirri ta isa. Yanzu sai an tabbatar kai ne, ta wata sabuwar ƙofa da tsohuwar tawa ba ta san hanyarta ba. Wai gudun ɓarayi.

"Wane ɓarawo za ya saci wasiƙar ɗana? Ya kai ta wace kasuwa?"

"Sun aiko maka da sanarwa tun bara, Baba."

"Da Hausa?"

Ya ce in sayi wayar shafa. Na ce rubutunta kamar ƙwan tururuwa ne, kuma ba Kamilu ya shirya ta ba. Ya ce ko wayar zinariya na saya, sai an turo wasu lambobi zuwa layin da aka yi rajista da shi. Ya gwada da tasa kwamfutar, ta nuna ƙarshen lambar layin. Ya juyo mini gilashin.

Ba sai na kusanto ba. Layin Balaraba ne. Kamilu ya sa na uwarsa don wai ni ba na ɗaukar waya.

Na ce da Sharhabilu ya tashi, magariba ta kusa.

Alhamis, 12 ga Shawwal, hantsi

Wayar tana Dandin Mahe. Da aka raba gadon Balaraba, ta faɗo cikin kasona na miji, ita da tasoshi da zanen gado. Maniru ya ɗaure kayan a buhu, ya ɗora wayar a kai, ya aiko. Na ce da ɗan saƙon ya juya da su, ko allura ba na so daga gidan da ba a jira ni ba. Gaskiyata ce, har gobe.

Na kunna kwamfuta. Jar alama. Na kashe. Na kunna.

Juma'a, 13 ga Shawwal, bayan saukowa masallaci

Na ba Sharhabilu izini ya kira layin, shi ba ni ba. Na ɗauka ma ya mutu. Sai ga shi ya shiga. Ya sa muryar a fili, na ji Maniru. Ya tsufa a murya.

"Salamu alaikum Alhaji, akwai wasu lambobi da anka turo ma wagga waya yanzu, don Allah ka karanto min."

"Lambobi? Kai ɗan gidan uban wa? Ku ne rediyo ka hwaɗi kullum! Allah shi tsine ma sana'arka, ɓarawon zaune!"

Ƙit. Da Sharhabilu ya sake kira, an rufe shi. Ya zauna yana share zufa, wai tun da yake ba a taɓa tsine masa da rana tsaka ba. Na kusa yin dariya. Ban yi ba. Maniru ne.

Lahadi, 15 ga Shawwal, bayan azahar

Ruƙayyatu ta zo daga gidan mijinta da fura. Ta kira kawunta da wayarta, ta fita tsakar gida, amma ina ji. Ta dawo ta durƙusa.

"Baba, Kawu yac ce wayar taka ta, haƙƙinka na gado. Shi amana shika riƙo. Duk wata shina sa mata kati shi yi kira guda don kada a amshe layin."

"To shi karanto lambobin mana."

"Yac ce haƙƙin gado da anka taɓa maidowa ba a ba da shi ta iska. Mai shi shi zo shi amsa da hannunai, gaban shaidu."

Ka ji. Gaban shaidu. So yake Dandin Mahe ta taru ta ga Attahiru ya zo da ƙafarsa.

Na ce ba ni zuwa. Ta ce, "Baba, Kamilu a tsare shike hwa." Na ce kada ta sake faɗin wannan kalma a gidana. Ɗana yana wani wuri ne, ana duba maganarsa. Ta tafi ta bar furar. Ta yi tsami a inda ta ajiye ta.

Litinin, 16 ga Shawwal, bayan asuba

Jar alama.

Laraba, 18 ga Shawwal, hantsi

A gefen gidan wayar akwai wani wuri da Kamilu ya kira majalisa. Nan masu irin wannan tsohuwar manhaja daga ko'ina a duniya suke rubuta kukansu, wani ya amsa wa wani. Ita ba ta neman kalmar sirri, har yau tana buɗewa. Shekara da shekaru ina ganin rubutunsu yana sauka, ban taɓa tanka musu ba, don duk Turanci ne.

Yau na tanka. Da Hausa, da manyan baƙaƙe. Na ce ni Attahiru ne daga Bodinga, manomin albasa. An kulle mini ƙofa ba a tambaye ni ba. Ɗana yana nesa yana rubuto mini. Wanda ya san yadda ake buɗewa ba tare da layin waya ba ya faɗa, don Allah.

Daga hantsi har azahar ina bugawa. Wutar sola ta kusa ƙarewa.

Ina tunanin ko ya rubuto. Ina tunanin yana zaune yana duba ko na amsa. Kamilu tun yana yaro in ya yi magana ba a amsa ba, ba ya sakewa, sai ya ja bakinsa ya tsuke. Halin uwarsa ne.

Asabar, 21 ga Shawwal, bayan la'asar

An amsa. Mutum ɗaya, sunansa ba ya karantuwa. Na aika aka kira Ruƙayyatu, ta zo tana cin magani, ta karanta.

Wai tsoho ne shi ma, ya sa na'ura ta juya masa Hausata. Ya ce kada in yar da manhajar, tana da sauran rai. Kamfanin yana ba da wata doguwar kalmar sirri ta musamman don tsofaffi irinta, a sa mata sau ɗaya ta ci gaba da aiki kamar da. Na ce Alhamdu lillahi, ashe akwai masu hankali a can.

"Ban gama ba, Baba. Yac ce kafin su ba ka, sai ka shiga da lambobin da za su turo ma wayarka."

Ko ta ina na bi, Dandin Mahe ce a gabana.

A ƙarshe mutumin ya ce yana fatan ɗana yana lafiya. Ruƙayyatu ta karanta wannan da wata irin murya. Ni ban gaya masa komai ba. Cewa kawai na yi yana nesa.

Litinin, 23 ga Shawwal, bayan azahar

Na hau mota na tafi birni, ofishin masu layin waya, in sa su yanko mini wani layin da lambar Balaraba. Na yi layi a rana. Wata yarinya a bayan gilashi ta ce sai mai layin ta zo ta sa yatsa. Na ce tana ƙasa. Ta ce Allah ya jiƙanta, to a kawo takardar shaidar rasuwa. Na ce wa ke rubuta takarda a Dandin Mahe, mutanen da ko miji ba sa jira? Ta ce na gaba.

Da na dawo na yi ta buga tsohuwar kalmar, ko Allah zai sa su manta. Yanzu akwatin ya canza magana. Sharhabilu ya leƙo ya ce sun dakatar da ni na ɗan lokaci, wai ana zaton ɓarawo ne ke gwadawa.

"In ka ƙara, Baba, rufe shi za su yi ɗungum. Sannan ko Kamilu ya rubuto, bango za shi rubuta ma."

Ɓarawo. Ni. A gidan wayata.

Ya zare wayar wutar kwamfutar ya tafi da ita aljihunsa. Ban hana shi ba.

Laraba, 25 ga Shawwal, bayan asuba

Ban runtsa kirki ba. Albasa tana rumfa tana jiran a juya ta, ban leƙa ba. Na zauna gaban kwamfuta a kashe, ina ganin fuskata a gilashin.

Wa ya ce su canza? Abu yana aiki. Wa ya kai ƙara?

Alhamis, 26 ga Shawwal, hantsi

Ba ni zuwa.

Lahadi, 29 ga Shawwal, bayan magariba

Hadari ya taso gabas bai zuba ba. Irin zafin shekarar da Balaraba ta rasu ne sak.

Ruƙayyatu ta zo. Ta wanke mini babbar riga, ta shanya, ta tsaya har ta bushe, ta ninke ta ajiye a kan kwamfutar. Da za ta fita ta ce, "Ni na rasa uwa, Baba. Kada in rasa ƙane saboda gaisuwa guda."

Yaran yanzu ba su da kunya.

Talata, 1 ga Zulƙida, bayan isha

Na je. Ba don kowa ba, kayana na je amsa.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni ƙofar gidan. Maniru yana zaune gindin bishiyar bedi yana gyaran igiyar shanu. Gemunsa ya yi fari fat, shi da na taɓa ɗauka a kafaɗa lokacin da nake neman yayarsa. Ya miƙe.

"Yaya Atta. Marhabin."

"Ban zo zama ba."

"Ko ba ka zama, ruwa dai ka sha, kada a ce mun kashe baƙo da ƙishi."

Ya aika aka kira liman da wani dattijo. Aka fito da buhun, ɗaurin da na mayar da shi, ba a kwance ba. Wayar kaɗai ya ciro daga aljihun gaba. Da ƙyauron roba da Balaraba ta ɗaure bayanta don batir ya daina faɗuwa. Robar sabuwa ce. Yana canzawa ke nan.

Ya ce, "Ku shaida, ga haƙƙin Attahiru na ba shi. Na sauke." Suka ce sun shaida. Liman ya yi addu'a.

Na sa ta aljihu, na juya. Sai ya ce da bayana, "Yaya, mun jira ka. Tun hantsi har la'asar ta gota. Watan zahi na, ka san yadda jiki ka yi. Liman ga shi nan, tambaye shi."

"Ban tambaya ba."

"To. Ka san inda take?"

Na ce ban zo don wannan ba. Ya ɗauki sandarsa ya yi gaba. Hanyar tasha ta can take bi, shi ya sa na bi shi. An jera wa kabarinta ƙaya a kai saboda awaki. Na tsaya. Maniru ya koma nesa ya juya baya, yana duban gonar wani kamar zai saya.

Ban ce na yafe ba. Kada wani ya ce na ce.

Da zan hau babur ya kama hannun ɗan kabu-kabun ya ce, "In yaron ya rubuto a gaya min. Ɗan yayata na." Sannan ya ce, "Wanga ɓarawon da yak kira ni ran Juma'a, naka na?" Na ce nawa ne. Ya ce a ba shi haƙuri, amma muryarsa ta marasa gaskiya ce.

Laraba, 2 ga Zulƙida, bayan azahar

Sharhabilu ya dawo da wayar wuta. Ruƙayyatu ta zo. Na ajiye wayar Balaraba a kan tebur.

Sharhabilu ya danna, wayar ta yi ƙara. Irin ƙarar da take yi a ƙarƙashin matashinta. Ruƙayyatu ta juya fuska.

Na ce ni zan buga lambobin da hannuna. Ina duba waya, ina neman baƙi, ina duba waya. Kafin in kai ta ƙarshe, wai ta mutu. Ashe su ma lambobin ba sa jira.

"Wa yaƙ ƙayyade musu lokaci? Ya taɓa ganin yatsan manomi?"

"Baba, bari in karanto, kai ka buga. Wagga in ta wuce, sai gobe."

Ya karanto ɗaya-ɗaya kamar mai koya wa jariri tafiya. Ta shiga. Ya yi ta danne-danne, ya fito da doguwar kalmar da tsohon majalisa ya faɗa, baƙaƙe barkatai ba ma'ana. Ya sa wa tsohuwata. Jar alamar ta ɓace. Ƙararrawar shigowar saƙo ta buga, wadda na yi makonni ban ji ba.

Tarkace suka yi ta sauka, masu tallar magani da masu cewa na ci kyauta. A tsakiyarsu sunan Kamilu, sau uku. Na ce su fita. Sharhabilu ya fita. Ruƙayyatu ta ƙi.

Saƙo na farko ya ce an ɗaga zaman kotun, kada in damu, ya tambayi albasa.

Na biyu ya ce: "Baba an yanke. Ba zan rubuta hukuncin ba sai ka amsa, in san kai ne da kanka kake karantawa. Ka amsa ko da kalma ɗaya."

Na uku gajere ne. "Baba gobe za a kwashe mu zuwa wani wuri, ba a faɗa mana ina ba. Ban sani ba ko can ana barin rubutu. Kullum aka buɗe ɗakin kwamfuta ni ne na farko a layi. In fushi kake da ni ka yafe mini. Na jira ka, Baba."

Ruƙayyatu ta duba kwanan watan. Ta ce Alhamis ɗin da ta wuce ne, da hantsi. Ta dube ni. Na ce ta daina duba na.

Alhamis, 3 ga Zulƙida, bayan asuba

Na amsa. Na rubuta GA NI. Na tura. Na sake rubutawa da tsawo, na ce ba fushi nake ba, ƙofa aka kulle mini, albasa ta yi kyau, Kawunka yana gaishe ka. Wannan na ƙarshen na goge, na kuma mayar.

Juma'a, 4 ga Zulƙida, hantsi

Ƙararrawa ta buga, na kusa kifar da kujera. Ba shi ba ne. Layi ɗaya ne da Turanci daga wurin da aka ajiye Kamilu. Ruƙayyatu ta ce wai wanda ake nema ba ya nan yanzu, kuma kada a amsa wannan saƙo, ba mutum ne ya rubuta shi ba.

Wayar Balaraba ta yi ƙara da azahar. Maniru ne, da wani layi. Na ɗauka. Ya ce ina labarin yaron. Na ce shiru. Ya ce Allah shi bayyana. Muka yi ta riƙe da waya har katinsa ya ƙare.

Asabar, 5 ga Zulƙida, bayan la'asar

Gidan waya yana aiki lafiya lau. Sharhabilu ya ce yanzu ba ɓarawon da zai iya shiga. Madalla. An tsare mini akwati, babu komai a ciki.

Na amsa saƙon da aka ce kada a amsa. Na rubuta wa kamfanin. Na rubuta a majalisa. Duk abu ɗaya na faɗa, kuma zan faɗa gobe, da jibi, har wutar sola ta mutu.

Kun ce sai na tabbatar ni ne. Na tabbatar. Na je har inda na rantse ba zan je ba, na kawo muku lambobinku. Ni ne Attahiru na Bodinga, mijin Balaraba, uban Kamilu. To saura ku. Wane ne ya zauna ya canza makullin, mene ne sunansa, ya san akwai yaro a layi yana duba ko ubansa ya amsa? Su wa suka kwashe shi, ina suka kai shi, me aka yanke? Ba na son layi ɗaya da ba mutum ya rubuta ba. Mutum nake so, mai suna, mai uba.

Kamilu, in kana inda ake barin rubutu, ga ni zaune, kujerar nan, jan fentin nan. Yanzu ni ke jira.

Dole wani ya amsa mini.